Wuƙar sifirin mota na tsagewa wajen ban ruwa, ina gyaran?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina ɗan taɓa ƙirar wuƙaƙen kicin da na fawa da yamma bayan tashi daga aiki, da sifirin mota nake yi. Wasu na tsagewa wajen ban ruwa, wato da zarar na tsoma su a ruwa da zafinsu don su yi tauri, waɗanda suka tsira kuma bakinsu na ɓantarewa in sun haɗu da ƙashi. A taimaka da shawara.

Baban Zugazugi:
Wa alaikumus salam. Ruwan ne matsalarka ta farko. Ƙarfen sifirin ba ya son sanyi na farat ɗaya, mai yake so. Samu man gyaɗa kamar lita 3 a dogon gwangwani mai murfi, ka ɗumama shi ya kai wajen digiri 50, wato ɗumin da yatsa zai jure na ɗan lokaci. Mai mai sanyi kauri gare shi, ba ya jan zafi da sauri. Baƙin mai na aiki, amma hayaƙinsa guba ne, ban ba ka shawara ba.

Kafin ban ruwa, wato tsomawa a man, ka gasa wuƙar ta yi ja ka ajiye ta huce a iska, sau uku. Wannan ke sassauta tsamin dukan guduma. Kar ka fitar da kaifi tun yanzu, bar bakin da kaurin milimita 1, in ya fi haka siranta zai karkace ko ya tsage.

Sai ka riƙe mayen ƙarfe kusa. Wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi. Daga nan ƙara wuta kaɗan jan ya ɗan ƙara haske, sai cikin mai, tsini a gaba, a tsaye. Motsa ta sama da ƙasa, ban da gefe da gefe. Yi a inuwa ko bayan magariba, domin a rana ido na yaudara, sai ka ƙona ƙarfen ba ka sani ba. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta.

Maƙerin Unguwa:
Baba ya gama magana kan tsagewa. Ɓantarewar baki kuwa, ƙanena, alama ce ka tsallake gashi na biyu. Wuƙar da ta fito daga mai tauri gare ta kamar gilashi. Goga mata magagari: in ya zame bai ci ba, ta sha ruwa, wato ta yi tauri. Wanke man, ka sa ta a oven a digiri 200 awa ɗaya, ta huce, ka maimaita. Kar ka bari ta kwana ba ka yi wannan ba, tana iya tsagewa a ajiye.

In babu oven, goge ta da samfefa ta yi fari, ɗora bayanta kan ƙarfe mai zafi, ka zuba wa launi ido. Da bakin ya yi ruwan busasshiyar ciyawa, ɗauke ka tsoma a mai. In shuɗi ya kai baki, ta yi laushi, sai an sake ban ruwa. Ta fawa mai saran ƙashi a bar ta ta kai ruwan ƙasa, a kuma yi mata baki mai ɗan kauri.

Mai Kube:
Wani lokaci laifin ba na wuta ba ne. Tsohon sifirin da ya sha lodi yana da tsagar da ido ba ya gani, musamman kusa da ramin tsakiya. Yanke wajen ka yar. Kuma ka huda ramukan ƙota kafin ban ruwa, bayan nan bakin diril ba zai ci ba.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. To wajen wasa wuƙar da inji fa, akwai abin kiyayewa?

Maƙerin Unguwa:
Akwai. Ajiye bokitin ruwa kusa, kana gogawa kana tsomawa, kuma ka riƙe ta da hannu tsirara don ka ji zafi da wuri. Da ka ga baki ya sauya launi, wajen ya mutu. Ƙarashen kaifi a yi shi a dutsen wasa.