Wace kalma za mu sa wa Financial Fair Play da Hausa?

Jama'a, tun watan Nuwamban 2023 da aka zabtare wa Everton maki 10 a gasar Firimiyar Ingila nake lura da yadda muke ambaton FFP, wato Financial Fair Play, dokar da ta shafi kashe kuɗin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, a gidajen kallo, kowa yana fassara ta yadda ya ga dama. Wadda na fi ji ita ce "adalci a harkar kuɗi", kuma ina roƙon mu sake duba ta kafin ta zauna da gindinta a bakin mutane.

Dokar da UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ta amince da ita a 2009, zamanin shugabancin Michel Platini, ba ta ce kowace ƙungiya ta kashe daidai abin da 'yar'uwarta ta kashe ba. Manufarta ita ce kada ƙungiya ta riƙa kashe abin da ya zarce samunta har bashi ya durƙusar da ita. A kakar 2023/24, Firimiya ma tana da tata dokar daban, wadda ta hana asarar sama da fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a ƙarƙashinta aka hukunta Everton, aka rage makin zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, sannan aka ƙara zabtare mata 2, ita kuwa Nottingham Forest ta rasa 4.

Idan muka cusa "adalci" cikin sunan, mun yanke hukunci kan ainihin abin da ake jayayya a kai ke nan. Magoyin bayan Everton yana da hujjar ƙin kalmar, domin a kakar da aka zabtare wa ƙungiyarsa maki, Manchester City, wadda aka tuhuma da laifuka 115 na karya dokokin Firimiya a Fabrairun 2023, ita ce ta ɗauki kofin. Bayan haka, doka da ta ɗaure kashewa da samu dole ta bar mai samu da yawa ya ci gaba da kashe da yawa, ta kuma tare wa mai tasowa hanya. Wannan ne ya fi damuna, kuma bai kamata suna ya rufe shi ba.

Wasu na cewa "dokar tsuke bakin aljihu", amma ba a hana Real Madrid sayen manyan 'yan wasa ba muddin samunta ya ɗauki nauyi. "Daidai ruwa daidai tsaki" kuwa ta kama ma'anar sarai, sai dai karin magana ce, ta fi dacewa da hira.

Shawarata ita ce "dokar kashe kuɗi daidai samu". Tana da ɗan tsawo, amma ko wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba zai gane ta, kuma ta haɗa dokar UEFA da ta Firimiya. Misali: "An zabtare wa Nottingham Forest maki 4 saboda karya dokar kashe kuɗi daidai samu." Wanda yake da gajeriya da ba ta ɗauki ɓangare ba, don Allah ya kawo ta mu gwada a irin wannan jimla.