Baban 'yata ya ce kuɗin ciyarwa su ne kuɗin jami'a

Maman Ihsan:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekara bakwai kenan da rabuwarmu da baban 'yata, lokacin alƙali ya yanka masa dubu sha biyar duk wata na ciyarwa, daga baya shi da kansa ya mayar talatin, ba zan ci haƙƙinsa ba bai taɓa tsallake wata ba. To yanzu yarinya ta ci JAMB ta samu gurbi a ABU Zariya, ga rajista ga kuɗin hostal ga katifa da kayan abinci ga kuɗin mota, na aika masa ta bakin ƙanwarsa sai cewa ya yi ai abin da yake turo talatin ɗin kenan, in ba ta isa ba mu raba biyu tunda nima ina ɗaukar albashi. Ni malamar firamare ce fa jama'a. In koma kotu ne ko in haƙura in ci bashi?

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah a mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da 'ya mace yana wuyan uba har sai ta yi aure ta tare, namiji ne ake cewa har ya balaga. Uwa ba a ɗora mata ko sisi ba ko da tana da shi, abin da kika bayar kyauta ce da lada. Amma ki sani alƙali gwargwadon ƙarfin uban zai duba, kuma ci da sha da sutura ne suka fi fitowa fili a maganar nafaƙa, kuɗin jami'a sai kin tayar da maganarsa daban. Hukuncin shekara bakwai baya ba ya hana a sake dubawa.

Direban Dare:
Hajiya ni bari in faɗa miki ta ɓangarenmu maza tunda nima na saki kuma ina biya. Wallahi sau da yawa ba kuɗin ne ke mana ciwo ba, turawa asusun tsohuwar mata ne, zuciya ta dinga raya maka abubuwa ga amarya a gefe tana ƙirga maka. Ni da uwar yarona yayanta ne ya zaunar da mu, aka ce rajista da hostal nawa, a ciro min lambar Remita, wato lambar biyan kuɗin makaranta, in biya da hannuna in riƙe rasit, ita kuma gari da mai da kuɗin mota. Na watan ma yanzu asusun yaron yake shiga tunda ba a gidanta yake ci ba sai hutu. Aka rubuta muka sa hannu. Kada ki yarda da "raba biyu" a baki, raba biyun me? Shekara mai zuwa in an ƙara kuɗi rigima ce sabuwa.

Ɗalibar Samaru:
Anti yarinyar ta gwada NELFUND mana, bashin karatu ne na gwamnatin tarayya, tun 2024 aka fara, makarantun gwamnati ne, su ke biyan makaranta kai tsaye kuma akwai dubu ashirin duk wata na kashewa, ba ruwa a kai, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Sai dai fa bashin a kanta yake ba a kan babanta ba.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai. Bashin nan zan ajiye shi a ƙarshe, uba yana raye da shagonsa yarinya ta fito da bashi a ka, haba. Direban Dare taka ta shige ni, dama kawun baban nata yana jin maganata, gobe bayan la'asar zan je da takardar kuɗin makarantar ya gani da idonsa. Rajista sati biyu ya rage a rufe.