A tashar jirgin ruwa aka ci Sakkwato da yaƙi, ko a Giginya?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina kenan kuma ina kansa, ba a Kano aka ci mu da yaƙi a watan Fabrairun 1903 ba, ba kuma a filin Giginya na Sakkwato ranar 15 ga Maris ba, an gama da mu tun 2 ga Yuli 1890 ranar da ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar Burasel ta ƙasar Beljiyam. Sunan da suka ba taron wai na hana cinikin bayi ne, amma ku duba abin da suka tsara kan bindiga. Sun ja layi biyu a taswira, ɗaya a digiri 20 arewa ɗaya a digiri 22 kudu, suka ce duk bindigar da jirgi ya sauke a tsakanin nan dole ta shiga siton gwamnati a tashar, ba ta fita sai da izinin hukuma, kuma wadda za a iya fitarwa a sayar wa baƙar fata ita ce bindiga mai ƙanƙara mara zane a cikin bututu, wato harba-ruga, da albarushin kasuwa. Shekara 13 kafin Lugga ya turo sojoji Kano an riga an ɗaure mana hannu daga bakin teku.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. To amma ai dokar ba ta fara aiki ba sai 1892, kuma wa ya bi ta? Fasa-ƙwauri aka yi ta yi.

Hajiya Binta: Allah ya gafarta Malam, ni inda ban yarda da kai ba shi ne wannan "wai" da ka sa a kan hana cinikin bayi. Ba wai ba ne, ana kama mutane ana sayarwa a lokacin nan, kuma bindigar da take shigowa ta ruwa ita ce take ƙara wa masu harin bayi ƙarfi. Ka tambayi Gwarawa abin da Ibrahim Nagwamatse na Kontagora ya yi musu kafin 1901, ka tambayi garuruwan da Nupe ta yi ta kai wa hari a hayin Kwara. Ƙauyen da aka ƙone ba ruwansa da niyyar Bature, shi dai bindigar ta ragu. Mu daina ba da tarihi kamar kowa a ƙasar nan sarki ne, wasunmu jikokin waɗanda aka kora cikin duwatsu ne.

Malam Habu: Hajiya ban musa ba, an yi bauta kuma zalunci ne. Amma in da gaske don bayi aka yi, me ya sa aka bar harba-ruga tana shigowa? Ai da ita ɗin ake harin ƙauye, mai kwari da baka ba sai an nemo masa raifil ba. Abin da aka hana shi ne bindigar da za ta iya tsayawa gaban sojan Bature, abin da aka bari shi ne wadda za ta ci gaba da kashe baƙar fata kuma ƴan kasuwar Birmingham da Liyej su ci gaba da samun kuɗinsu. Sannan wane ne ya karɓi baƙuncin taron? Sarki Liyofol na Beljiyam, mutumin da sojojinsa a Kwango suke yanke hannun mutane saboda roba, kuma shi dokar ta ba shi damar shigo da duk makaman da yake so tunda gwamnati ce.

Abban Khadija: Bari in sa baki a kan harba-ruga ɗin don wasu yaran group ɗin nan ba su taɓa ganin ana ɗura ta ba. Kakana maharbi ne, tasa tana rataye a zaure har ya rasu, da lamba da aka buga mata a jikin katakon. In zai ɗura sai ya tsayar da ita a ƙasa, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya zaro sandar ƙarfen nan ya yi ta dannawa, sannan ya zuba guntayen ƙarfe ya sake cusa wani tsumman ya sake dannawa, sannan ya ɗan zuba gari a wajen kunamar. In damina ce albarushin ya ji sanyi sai ka ja ta ce ƙyas ta yi shiru. In kuma an cika mata ciki bututun ya fashe, akwai abokin farautarsa da yatsu uku ne kawai a hannun hagu. To wannan ce za ka kai gaban Maksim, bindigar Bature mai sarrafa kanta, da take zubar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya? Wlh Malam Habu yana da magana.

Nura: Yaya Abban Khadija ai ka kawo hujjata ne da kanka. Matsalar Maksim ce ba dokar tasha ba. Mutanen Mahadi a Sudan suna da raifil ƙirar Remington dubbai da suka ƙwace hannun rundunar Masar ta Janar Hicks a 1883, ba harba-ruga ba, amma a Omdurman 1898 an kashe musu kusan 10,000 a safiya ɗaya, ɓangaren Kitchener kwamandan Ingila ba su kai 50 ba. Rabe ma yana da ƴan bindiga masu horo a Dikwa, Faransa ta kashe shi a Kusiri 1900. Ko da an buɗe Legas da Akasa an ce kowa ya sayi raifil, ƙarshen ɗaya ne.

Malam Habu: To yaƙin Adwa fa Nura? 1 ga Maris 1896, Menelik Sarkin Habasha ya fito da mutum kusan 100,000 mafi yawansu da raifil ya karya Italiya, Habasha ta zauna da ƴancinta. Daga ina bindigogin? Ta Jibuti da Tajura, ƴan kasuwar Faransa suna kawowa, har ita kanta Italiya ta ba shi bayan yarjejeniyar Wucale ta 1889. Kuma Habasha ta shiga yarjejeniyar Burasel ɗin a 1890, sai ta zama ƙasa mai haƙƙin sayen makami ba wadda ake hanawa ba. Ƙasar da tasha ta buɗe mata ba a ci ta ba a lokacin, wannan ba dace ba ne. Ka kuma dubi Samori na ƙasar Gini, muddin yana samun bindiga daga Firitawun yana jan Faransawa a ƙasa, da Ingila ta rufe masa hanyar wajen 1892 zuwa 1893 sai ya koma kan maƙeransa suna gyara da kwaikwayon bindigar Gras ta Faransa, ya yi ta ja da baya gabas har aka kama shi 1898.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina ta bi tun ɗazu. Malam Habu kai ka kalli kudu kawai, mu ƙofarmu arewa take. Tarabulus tana arewa da layin digiri 20 ɗin nan, a hannun Turkawa take har 1911, kuma ayari yana zuwa Zinder da Kano ta Gat da Agadas. Sarkin Damagaram Tanimu tun kafin a yi zancen Burasel ya tara bindigogi ta wannan hanya, har igwa ake zuba masa a Zinder ana haɗa albarushi a gida. Duk da haka Faransa ta shiga Zinder a 1899, shekara ɗaya bayan an kashe Kyaftin Kazmaju na Faransa a garin. Ke nan wanda bai dogara da tashar Bature ba ma ya faɗi. Amma kuma gaskiya in ba ka taka, Kawsan shugaban Buzaye da ya kewaye barikin Faransa a Agadas daga ƙarshen 1916 ya yi haka ne da raifil da igwa da ƴan Sanusiyya suka ƙwace hannun Italiya a Libiya, watanni ya riƙe garin sai da aka turo runduna daga Zinder. Inda makami na zamani ya samu hanya ana ganin bambanci.

Hajiya Binta: Akwai kuma abin da ba a faɗa ba, tun kafin Bature ya hana mu bindiga mu muka hana juna. Etsu Masaba na Bida da jiragen ƴan kasuwa suka fara hawowa Kwara shi ya tsaya a kan cewa bindiga da albarushi a wajensa za a sauke, kada su wuce arewa. Sarakunan Hausa kuma ƴan bindigarsu bayin sarki ne, manyan gari suna kan doki da sulke da lifidi da takobi, nan darajar take. Wa ya hana a horar da talakawa dubu biyar da bindiga? Tsoron abin da za su yi da ita bayan yaƙi.

Baba Liman: Ƴaƴana ku yi a hankali da maganar magabata. Sarkin Musulmi Attahiru bai gudu daga mutuwa ba, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin 1903 tare da jama'arsa, kuma a nan kibiya ta kashe Manjo Mash da yake jagorantar sojojin. Waziri Ahmadu na Kano ya faɗi a Kwatarkwashi yana kan dokinsa. Ku yi gardamarku amma kada a ce sun yi sakaci.

Hajiya Binta: Allah ya ƙara girma Baba, ba raini ba ne, jarumtarsu ba mai musu. Tsarin nake magana.

Sadiƙ Apapa: Ni aikin kiliyarin nake yi a tasha, bari in faɗi abin da na sani ta ɓangaren aikin. Dokar tasha ba ta tsayar da kaya, tsada take sa musu, kuma ta zaɓi wanda zai iya biya. Haka yake yau haka yake jiya. A 2010 an kama kwantena 13 a nan Apapa an rubuta kayan gini a takarda, da aka buɗe sai ga rokoki da gurneti daga Iran. A 2017 kwastan sun kama bindigogin famfo 661 a kwantena ɗaya a Legas. Yanzu fa kenan da na'urar leƙa kwantena, balle zamanin da bakin Neja duk ƙoramu ne da dajin ruwa, jirgi ya tsaya nesa da dare kwale-kwale su zo su kwashe akwatuna su shige inda jirgin sintiri ba ya iya bi. Shi ya sa da Turawa suka fasa Ebrohimi garin Nana na Itsekiri a 1894 suka tarar da igwa sama da 100 da tulin albarushi. Mutanen Nembe kuma kamfanin Neja na Bature Goldie ya ɗora musu lasisi da haraji a kan kasuwancin da kakanninsu suke yi, ya kira su ƴan fasa-ƙwauri yana harbin kwale-kwalensu, har Sarki Koko ya kai hari hedikwatar kamfanin a Akasa a watan Janairun 1895. Wanda yake bakin ruwa yana samu ta bayan fage. Amma mai zama Kano, akwatin nan sai ya bi Kwara ya wuce Akasa da Asaba da Lokoja, duk a hannun kamfani ɗaya mai jiragen ruwa da sojojinsa, to ta ina?

Malam Habu: Madalla Sadiƙ, abin da nake nufi kenan. Ba sai dokar ta kama kowa ba, mu da muke can ciki ta kama mu sarai, don kogin ƙofa ɗaya ce kuma mai gadinta shi ne wanda ya zo ya ci Bida da Ilori a 1897.

Nura: Amma Malam ka ga yanzu ka sauka daga Burasel ka koma kan kamfanin Neja, shi kuwa ya samu takardar izininsa tun 1886, shekara huɗu kafin taron. Ko babu yarjejeniyar Goldie ba zai bari raifil ta hau kogin ba. Kuma inda Turawan ba su haɗa kai ba takardar ba ta yi komai ba. Maskat ta ƙasar Oman ba ta cikin Afirka, dokar ba ta hau kanta ba, ƴan kasuwar Faransa suna da yarjejeniyar 1844 da Sarkin, sai garin ya zama kasuwar raifil, jiragen katako suna tsallakawa gaɓar Makran da dare, ƙabilar Fatanawa suna kwashewa a raƙuma zuwa iyakar Afganistan su harbi sojan Ingila da su. Wasu jiragen ma tutar Faransa suke kafawa don kada a bincike su, har sai da rigimar tutar ta kai kotun Heg a 1905. Ingila da duk ƙarfin jiragenta sai da ta yi shekaru tana sintiri, sannan a 1912 ta shawo kan Sarki Faisal ya buɗe siton makamai a Maskat irin wancan na Afirka.

Sadiƙ Apapa: To ai Nura tunda sito ɗin suka koma nema a Maskat bayan sintiri ya gagara, ashe sito ɗin yana aiki kenan.

Nura: Yana aiki inda mai jirgin yaƙi ya tsaya a kansa Yaya Sadiƙ.

Hajiya Binta: Ni har yanzu akwai tambayar da nake so Malam Habu ya amsa. Rundunar Kanar Morland da ta fasa ganuwar Kano ba ta kai mutum 1,000 ba, Turawan ciki ƴan kaɗan ne, sauran Hausawa ne da Yarabawa da sauran ƴan ƙasa, da yawansu bayi ne da suka gudo suka shiga soja, tun zamanin Baturen mulki Glover a Legas 1863 ake ɗibarsu. Su fa ba a hana su raifil ba, hannu aka danƙa musu ita. In da tasha a buɗe take Sarkin Kano Alu ya sayi raifil dubu goma, wa zai ba wa ya riƙe?

Malam Habu: Zai ba wa irin mutanen Satiru, Hajiya. Talakawa ne da gudaddun bayi, a watan Fabrairun 1906 da fartanya da gatari da kibiya suka tarwatsa sojojin doki na Bature kusa da Sakkwato har suka ƙwace Maksim. Masu riƙewa akwai su.

Hajiya Binta: Mutanen Satiru fa Malam? Ai da aka dawo murƙushe su a watan Maris dawakan sarakuna suna cikin waɗanda suka raka Bature. Wanda ya taya aka kashe su suna riƙe da fartanya shi ne zai raba musu raifil?