Neman kalma: me za mu kira “guano” da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya wa 'yan ajina a nan Sakkwato darasi kan Ichaboe, wani ɗan tsibiri a gaɓar tekun Namibiya. Ba gari ba ƙauye, duwatsu ne sai tsuntsayen teku masu cin kifi da ke ƙyanƙyasa a can. Ruwan sama bai cika sauka ba, shi ya sa kashinsu ya yi ta taruwa shekara da shekaru har ya zama tudu. Daga 1843 jiragen ruwan Ingila suka yi masa ca, zuwa 1845 sun kwashe shi ƙarƙaf, aka sayar wa manoma. Wannan tarin shi ne guano. Me zan rubuta a allo?

Wani ɗalibi: Malam, a Hausantar da ita kawai, a ce gwano.

Mai tambaya: Ɗana, ai gwano da mai shi! Ka ce wa yaro an cika jirgi da gwano, ƙwaron nan mai jeri zai hango. Warin dai ƙila ya zo ɗaya.

Wata malama: To, kashin tsuntsu mana.

Manomi daga Kwalkwalawa: Malama, ki yi haƙuri. Abin da balbela ta sakar maka a hula ƙarƙashin bishiya, shi ne kashin tsuntsu. Wanda ya kwana ya bushe, aka ɗura a buhu aka kai fadama don albasa, sunansa taki. Ba mai biyan kuɗin jirgi saboda kashi.

Wani malamin: Baba ya yi gaskiya. Kalmar ma ba ta Turawa ba ce, daga “wanu” ta fito, a harshen Kecuwa na mutanen Peru, kuma su ma abin da ake zuba wa gona suke nufi. Darajarsa ta kai Amurka ta yi doka a 1856 don 'yan ƙasarta su riƙa kama tsibiran da ke da shi. Ni na ce takin tsuntsayen teku.

Mai tambaya: Daidai ne, amma ya yi wa bakin yara tsawo. Takin tsibiri fa?

Wata malama: Na jemage a kogo ma guano ake ce masa.

Manomi: Wannan sai a ce takin jemage, kowa ya gane.

Mai tambaya: Shi ke nan, takin tsibiri zan rubuta ranar Litinin. Baba, a taimaka mini da ɗan takin kaji a leda in nuna musu, tunda teku ta yi mana nisa.