Abin da aka tattauna a majalisarmu kan waya a bakin sitiyari

Daren jiya bayan sallar isha'i, hirar majalisarmu a Tudun Wada, Kaduna, ta karkata kan masu latsa waya suna tuƙi. Wani ɗan uwa ne ya tayar da zancen, don saura ƙiris wata mota ta take mai Keke Napep a gabansa wajen gadar Kawo, direban ya sunkuya yana duba WhatsApp.

Wani malamin lissafi a cikinmu ya buga mana ƙiyasi: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ka kalli waya daƙiƙa uku, ka yi tafiyar mita 50 ido a rufe. A titin Ahmadu Bello da yamma, wannan tazara cike take da 'yan makaranta da masu talla. Nan kowa ya yi shiru.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a sa waya a aljihu kafin a tada mota. In kiran ya matsa, a gangara gefe a tsaya. Wasu sun ce na'urar kunne ta wadatar. Ni dai ban gamsu ba, hankali ne ke tafiya.

Batun kai ƙara ya ɗan ja gardama, wai kada a ce ka yi tsegumi. Dattijonmu ya ce fasinja ya fara da lalama: "Direba, don Allah ajiye wayar nan." In ya ƙi, a riƙe lambar motar, wuri da lokaci, a kira 122 na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko a sanar da jami'an KASTLEA (hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna) ko shugabannin tasha. Mai tuƙi kuwa kada ya ɗauko tasa wayar don ɗaukar hoton mai laifi.