Wai Malamanmu Ba Su San Canji Ba?

Nura (Kawo): Salamu alaikum jama'a. Jiya a aji malaminmu ya ce tunanin cewa komai na duniya kullum juyewa yake yi yana zama wani abu, na Turawa ne, tun daga Hiraklitus, masanin falsafar Girka ta da, har Hegel na Jamus. Wai namu malaman abin da ba ya canzawa kawai suka riƙe. Ni dai na ji ƙamshin gaskiya a maganar.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Haba Nura, kai da ka yi karatun zaure a Tudun Wada? Ɗauko Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490. Da me ya kafa hujja cewa duniya fararriya ce? Da canji. Ya ce muna ganin siffofin jiki, kamar motsi da tsayuwa, suna fitowa daga babu zuwa akwai, suna komawa babu. Abin da ba ya rabuwa da fararre, shi ma fararre ne. Ka ga ke nan canjin shi ne tsanin da aka taka aka kai ga sanin Mahalicci.

Hadiza: Kuma su wa ake nufi da Turawa? Hiraklitus ya ce ba ka shiga kogi ɗaya sau biyu. Gaskiyarsa, duk wanda ya leƙa kogin Kaduna daga kan gada a watan Maris, duwatsu a fili, ya dawo a Agusta ya ga jan ruwa ya shanye su, zai yarda. Amma Parmenides ma Bagirke ne, shi kuwa cewa ya yi canji ruɗin ido ne kawai. Su ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Nura: To Anti, Ibn Sina fa? Ba shi ya ce asalin abu, wato jauhari, ba ya motsi ba?

Malam Bashir: Shi ne. A wurinsa motsi yana cikin abu huɗu: yawa, siffa, wuri, da yanayin zama. Amma Mulla Sadra na Shiraz, a ƙarni na 17, ya saɓa masa a cikin littafinsa Asfar. Ya ce jauharin kansa gudana yake yi, ɗanyen 'ya'yan itace ba launi kaɗai yake sauyawa ba in ya nuna, samuwarsa ce take ƙara cika. An haifi Hegel a 1770, Sadra ya fi shekara ɗari a kabari.

Kabiru (Rigasa): Ku yi haƙuri, ni ban ga amfanin wannan ba. Imamu Gazali ya riga ya gama da 'yan falsafa a littafinsa Tahafut.

Hadiza: Ya Kabiru, ai mazhabar Gazalin ce ta fi kowa nisa a nan. Ash'ariyya, wato mazhabar tasa ta aƙida, cewa suke yi siffa ba ta wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke sabunta ta kowane ƙiftawar ido. Shi ya sa Gazali ya ce wuta ba ita ke ƙona auduga ba, al'ada ce Allah ya gudanar. Ibn Rushd ya mayar masa da martani mai zafi, ya ce wanda ya musanta sababi ya musanta hankali.

Malam Bashir: Inda na ga namu malaman sun rabu da Turawa da gaske shi ne kan Whitehead, masanin falsafa ɗan Ingila, a littafinsa na 1929. Shi har Ubangiji ya saka cikin canjin, wai yana ƙaruwa da abin da ke faruwa a duniya. Babu Ba'ash'are ko ɗalibin Sadra da zai sa hannu a wannan. Ayar "Kulla yaumin huwa fi sha'an", wato kullum Allah yana cikin wani sha'ani, malaman tafsiri a kan ayyukansa suka ɗauke ta, ba zatinsa ba.

Nura: Na ji Malam. Amma Hegel maganar tarihi yake yi, cewa al'umma tana ci gaba zuwa 'yanci. Wa ya faɗi haka a namu?

Malam Bashir: Ibn Khaldun, a Muƙaddima, 1377. Daula tana tashi da asabiyya, wato haɗin kan dangi, ta yi ƙarfi, jin daɗi ya cinye ta a tsatso na uku, wajen shekara 120.

Nura: Wannan ai zagaye ne Malam, ana komawa inda aka fara. Ba ci gaba ba ne.

Hadiza: Kai kuma sai ka fara kawo mana hujjar cewa tarihin gaba yake yi. Hegel ya rasu a 1831, bai ga yaƙin duniya na 1914 ba balle na 1939.