Motar gas ga mai gajeriyar tafiya a Birnin Kebbi: in saya ko in haƙura?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Gesse, ina aiki a sakatariyar Gwadangaji. Zuwa aiki da dawowa, haɗe da sauke yara a makaranta, ba ya wuce kilomita 14 a rana. Bayan wannan sai kasuwa da masallacin Juma'a, sai kuma Argungu da nake zuwa gaida mahaifiyata bayan wata biyu ko uku. Da na lissafa, tafiyata a shekara ba ta haura kilomita 5,000 ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 nake neman motar da ba ta shan mai. Yanzu an nuna mini wata Volkswagen Passat mai injin gas, wato man dizal, ƙirar 2012, wadda aka shigo da ita daga Turai, jikinta lafiya lau, kuma mai ita ya ce tanki ɗaya zai kai ni wata biyu. Kuɗin da zan biya na tarin shekara huɗu ne, shi ya sa ba na son in yi gaggawa. Shin motar gas ta dace da mai irin tafiyata?

Amsar wani makanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Shekara 19 ke nan ina gyaran injin gas, daga shi nake ci, amma shawarata ita ce kada ka saya. Motar ba ta da laifi, tafiyarka ce ba tata ba.

Motocin gas da aka ƙera wa kasuwar Turai daga wajen 2009 zuwa sama suna da wata matata a cikin salansa da ake kira DPF, aikinta tare baƙin hayaƙi. Idan ta fara cika, injin yakan ɗaga zafin hayaƙin zuwa kusan digiri 600 domin ya ƙone dattin ya zama toka, kuma hakan yana buƙatar tafiyar minti 15 zuwa 20 a kan hanya miƙaƙƙa ba tare da tsaye-tsaye ba. Kai kuwa kafin injinka ya ɗauki zafi ka riga ka isa ofis ka kashe mota. Duk lokacin da ƙonewar ta katse, wani ɓangare na man da injin ya ƙara fesawa yakan zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi, baƙin mai mai tsinki kuwa shi ne ke cinye tobo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, da ƙarafan cikin injin a hankali.

A daminar bara aka kawo mini irin wannan mota, fitila ta kama a gaban direba, motar ta ƙi wuce gudun keke. Da na zaro sandar gwajin baƙin mai, sai na ga ya haura alamar sama da kusan faɗin yatsa, yana warin gas, alhali mai motar bai ƙara ko ɗigo ba. Da muka sauke matatar muka haska ta da tocila, haske bai ratsa ba. Mutumin nan gida da shago kawai yake zuwa. Zuwanka Argungu zai taimaka, domin hanyar ta isa ta ba injin damar ƙone dattin, amma sau ɗaya a wata uku ya yi kaɗan.

Amsar wani malamin lissafi:

Malam, bari in ɗora da alƙalami a kan maganar maigida makanike. Gaskiya ne injin gas ya fi na fetur tsimin mai, sau da yawa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. To mu ƙaddara motar fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, ta gas kuma lita 6. A kilomita 5,000 ɗinka, ta fetur za ta sha lita 400, ta gas lita 300. Sai dai a ƙasarmu litar gas ta fi ta fetur tsada, kuma a shekarar 2022 kaɗai farashinsa ya ninka fiye da sau biyu bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Idan gas ya ɗara fetur da kashi 20 cikin ɗari, lita 300 ɗin nan daidai take da kuɗin lita 360 na fetur. Ke nan ribarka a shekara guda kuɗin lita 40 ce kacal, wadda ba za ta sayi nozul ɗaya, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, ba idan ya lalace, kuma injin yana da guda huɗu.

Amsar wani Alhaji, ɗan kasuwar shinkafa:

Ni ban yarda a ɓata sunan injin gas ba, ɗana. Ina da tsohuwar Hilux mai gas, duk mako ina tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Yauri da buhuna a bayanta, tana shiga fadama tana fita, ƙarfinta wajen jan kaya babu motar fetur da za ta kama ƙafarta. Amma ni a wata biyu nake cinye tafiyarka ta shekara, kuma tawa ba ta da wannan matatar. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ingancin mai. Sau ɗaya na sayi gas a jarka a gefen hanya da daddare, ashe an gauraya shi da kalanzir da ruwa, sai da na canza famfon mai. Tsohon injin ke nan mai haƙuri. Na zamani, wanda ke fesa mai da matsanancin ƙarfi ta ƙofofin da ba su kai kaurin gashi biyu ba, ba zai yafe maka haka ba.

Amsar wani matashi:

Yallabai, ai mutane da yawa cire matatar suke yi a fasa cikinta, a sake saita kwamfutar motar, shi ke nan an huta.

Makanike ya sake cewa:

Ana yi, ƙanena, kuma na san masu yi, amma ni ba na ba da wannan shawara ga magidancin da ke ajiye mota a tsakar gida. Hayaƙin da matatar ke tarewa ƙananan ƙwayoyi ne masu shiga can cikin huhu, kuma a 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Da safe lokacin hunturu, yana ɗumama mota, yara suna tsaye a bayanta da jakunkunansu, su ne za su shaƙa. Sannan cire matatar ba ya hana bawul ɗin EGR, mai mayar da hayaƙi cikin injin, toshewa da baƙin datti a gajeriyar tafiya. Ga baƙin man da irin wannan injin ke buƙata, mai ƙarancin toka, ba kowane shago ke da na gaskiya ba, wani kayan gyaran kuma sai an aika Sakkwato ko Kano, mota tana gareji kwana da kwanaki.

Malam, ka nemi ƙaramar motar fetur mai injin lita 1.6 ko 1.8, irin Corolla, wadda kowane makanike daga nan har Kamba ya san cikinta. Tun da tafiyarka kaɗan ce, ka riƙa juye baƙin mai duk wata shida ko da kilomita ba ta cika ba, ka kuma kula da matatar iska saboda ƙurarmu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Lissafin lita 40 ɗin nan na sake yin sa da farashin gidan man unguwarmu na yau, ya fito kusa da haka. Na kira mai Passat na ba shi haƙuri. Maigida makanike, akwai wata Corolla ƙirar 2008 da aka ce in je in duba ranar Asabar bayan sallar Azahar, idan kana da sarari ina roƙon ka raka ni ka saurari injinta kafin in yi ciniki.